Sunan da Na Nuna wa Inna

Alaben nan na jar fata da ke rataye a bayan ƙofar ɗakina, babu wanda bai taɓa tambayata labarinsa ba a cikinku. Azara ce ta fi matsa mini, don ita ta fara iya haɗa baƙi. Wata rana ta hau kujera ta karanta haruffan da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya, ta juyo ta ce, Baba, wannan ai "babu" ke nan da Faransanci, wa zai rubuta babu a jikin jaka? Na ce mata sunan wani kantin Turawa ne da aka daɗe da rufewa. Ƙarya na yi mata, kuma ba ita ce ƙarya ta farko da na yi a kan kalmar nan ba. Akwai kuma abin da na sha faɗa muku, cewa hassadar abokan aiki ce ta hana ni zama dirakta, wato shugaban makaranta, har na bar koyarwa. Wannan ma ku ajiye shi gefe. Yanzu da idona ya fara gajiya da rubutu, gara ku ji maganar daga bakina, kada wata rana ku tsince ta a bakin wani tsoho a kasuwa.

Inna Azara, wadda kuka taso kuna jin ina ce wa uwata, ba ita ta haife ni ba. Yayar ubana ce. Uwata ta rasu ban kai yaye ba, ubana kuma mutumin ayari ne, ya bi raƙuman gishiri wata shekara, daga can ya zarce arewa, ba a ƙara jin duriyarsa ba. Inna ce ta goya ni, ta yaye ni da nonon akuya, ta ƙi sake aure bayan mutuwar mijinta don kada a kai ni gidan da za a riƙa yi mini gori. Dukanci ne sana'arta. A cikin tsohon garin Agadas, daga gindin hasumiya har bakin kasuwa, duk wanda ke son alabe mai kyau ko kuben wuƙa ƙofarmu yake zuwa. Tana zama a ƙarƙashin rumfa da basilla a hannu, ga kaskon karan dafi na jan rini, ga na kuloko na baƙi, yatsunta kullum kamar ta sa lalle bai kama daidai ba. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya sai ka kwana biyu kana juya ta. Da na gama karatu aka ba ni aji a wata lakwal, wato makarantar boko, a gefen gari, sai ta daina kiran sunana, ta koma ce mini Mushe, wato malam a bakin ƴan boko, kamar yadda ɗalibai ke yi, rabi alfahari rabi tsokana.

Ciwona tun ina ƙarami shi ne ƙaiƙayin ƙafa. Ina hawa soro in yi ta kallon ayari har ya ɓace. Da na zama malami abin bai warke ba, ƙaruwa ya yi, don yanzu ga taswira a bangon aji, ina ganinta daga safe har azahar. Ɗalibaina sun gano lagona. In sun ga zan fara lissafi sai ɗaya ya ɗaga hannu ya ce, Mushe, wannan hanyar ina ta ƙare? Shi ke nan, alli ya huta, ni da sandata mun tafi Tamanrasset, mun gangara Sabha, mun leƙa bakin teku, har a kaɗa ƙararrawa. In an tashi ba gida nake nufa ba, tasha nake zuwa in zauna da masu tuƙin kamiyo, manyan motocin kaya, ina jin labarin garuruwan da su kansu sun gaji da su. Na rubuta takardun neman aiki babu iyaka, zuwa Aljeriya, zuwa Libiya, har wani kamfani na bakin teku da na ji an ce yana neman magatakarda. Ko ɗaya ba a amsa ba. Agadas ta ishe ni, komai nata ya ishe ni, har hasumiyar da baƙi ke zuwa daga nesa su kalla ni haushi take ba ni, don duk inda na juya tana tsaye tana kallona.

Inna tana ganin duk wannan. Wata rana na dawo daga tasha tufafina na warin man mota, ta ce:

"Mushe, ƙahwar ubanka ce gare ka. Shi ma haka ya hwara, da zaman tasha."

"A zamaninsa ai babu tasha, Inna."

"Akwai inda raƙuma ke kwana. Duk ɗaya ne."

Sai fari ya zo, ko in ce ya kai maƙura, don ya daɗe yana rarrafowa. Damina ta wuce kori, rafin da ke gefen gari, bai kawo ruwa ba, ta sake wucewa haka. Wanda ya bi hanyar Ingal ya dawo ba ya son ba da labari. Makiyaya suka shigo gari da ƙafa, suka kafa bukkokin tabarma a bayan lakwal ɗinmu, mutanen da a da in sun zo sayen alabe ba sa tambayar kuɗinsa. Yanzu su ke kawo sirdi da azurfar matansu suna neman mai saye. Fata ta yi yawa a kasuwa har ana ba da ita kyauta, amma fatar dabbar da yunwa ta kashe ce, Inna tana sa basilla sai ta yage. Ko da ta ɗinku ma, wa ke sayen alabe alhali ba shi da abin da zai sa a baki. Ana cikin haka wata safiya rediyo ta kama kiɗan soja, aka ce sojoji sun karɓi mulki, kuma yunwar nan na cikin dalilansu. Gari ya yi tsit. Ma'aikacin da bai taɓa zuwa biro, wato ofis, kafin hantsi ba ya koma zuwa da sassafe yana gyara hula. Rabon hatsin agaji ya koma hannun soja, a bi layi, a nuna takarda.

A irin wannan lokaci mai hankali kusa da gida yake matsowa. Ni kuwa a lokacin ne na ji cewa lakwal ɗin Segedin ba ta da malami. Segedin wani ɗan gari ne na dabino da gishiri a yankin Kawar, bayan an ƙetare hamadar Tenere, kuma a taswirar ajina shi ne kusan ɗigo na ƙarshe kafin iyakar Libiya. Na daɗe da sanin wurin da yatsana. Washegari na tafi biron anspektar, mai kula da malamai, na sami sakatarensa Mushe Garba, wani dattijo mai farin gemu da ke buga takardu da yatsa biyu. Na ce ina son a tura ni can. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Kowa gudun wurin yake yi, kai kana nema?"

"Ina nema."

"To. Amma bana akwai sharaɗi. Ba a tura mai iyali, don abincin baki ɗaya ake iya kaiwa can. Wanda kuma ke da tsoho a hannunshi, anspektar ya ce a bar shi kusa da tsohonshi sai hwari ya wuce."

Ya sa takarda biyu a injin, da baƙar takarda a tsakaninsu don ta biyun ta fito. Suna, wurin haihuwa, ajin da nake koyarwa. Sai muka zo wani ɗan gida a ƙasa inda aka rubuta charges de famille, wato mutanen da nauyinsu ke wuyanka. Ya tsaya, yatsunsa a sama.

"Mi zan sa nan?"

"Néant," na ce.

Kalmar ke nan. Ana faɗinta "neyan", ana rubuta ta NEANT, ma'anarta babu, wayam, ko mutum ɗaya. Mushe Garba bai buga ba. Ya san gidanmu, don Inna ce ta ɗinka wa Alƙur'aninsa gafaka.

"Tsohuwar nan mai dukanci hwa?"

"Gwaggona ce, ba uwata ba. Takarda ba ta san gwaggo ba."

Na tuna yadda na faɗi wannan, da murmushin wanda ya ci gardama, ina jin kaina ɗan boko wanda ya san doka. Mushe Garba ya mayar da yatsunsa kan injin. Ya buga haruffan ɗaya ɗaya da ƙarfi, har ina jin ƙararsu a haƙorina, ya zare takardun ya miƙo mini in sa hannu, bai ɗago kai ba. Anspektar baƙo ne daga kudu, bai san kowa a garin ba, ya sa hannu a satin. Mushe Garba bai tona ni ba, amma daga ranar bai ƙara amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba.

Na kawo takarda ta biyu gida da la'asar, da hatiminta da tambur, na sami Inna a rumfa. Na faɗa mata an tura ni Kawar, na yi maganar kamar umarni ne ya faɗo mini daga sama, zamanin soja ne, ba a musu. Ta ajiye basilla, ta goge hannu a zane, ta karɓi takardar da yatsa biyu don kada rini ya taɓa ta. Ta daɗe tana kallonta, ita da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba.

"Wagga ita ce takardar da gwamnati ta san ka da ita?"

"Ita ce."

"Hadiza ta ce a irin wagga ana rubuta mutanen gidan mutum. Ni ina aka sa ni?"

Hadiza maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, surukinta na aiki a gidan waya, saboda haka ta san kanun abubuwa. Da na ce wa Inna ba a sa kowa ba, da maganar ta ƙare da ɓacin rai na kwana biyu. Da na ce irin wannan takardar ba a rubuta iyali, da ta yarda. Amma tana kallona da wani irin sa rai da ban taɓa gani a fuskarta ba, ni kuma ina son in tafi ba tare da kowa ya ɓata mini tafiyar ba. Sai na sa yatsa a kan kalmar nan na ce:

"Ga ki nan, Inna. Wannan sunanki ne."

Ta matso da takardar kusa da ido, ta bi haruffan da farce, sannan ta yi dariya har da rufe baki.

"Ashe haka nike a boko. Ƴar gajeruwa. Ka bar mini ita, Mushe."

Na bar mata. Ta yaya zan hana? Ba ta roƙe ni in zauna ba, ko sau ɗaya. Abin da ta ce kawai shi ne na fi ubana, don ni na yi sallama. Na ajiye mata buhun gero ɗaya ina ganin na yi abin kirki, na ce kafin ya ƙare zan aiko. Ranar tafiya ta miƙo mini guzuri a cikin jakar fata, gumba ce mai yawa da cuku da dabino. Sai da muka yi nisa na lura cewa geron gumbar daga cikin buhun nan nata ta ɗiba, kuma ba kaɗan ta ɗiba ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin tafiyar. Ina saman kamiyo a kan buhuna, rawani a fuska, Agadas na ƙanƙancewa a bayana har hasumiyar ta nutse, na ji kamar an kwance mini dabaibayi. Kwana da kwanaki muna cikin Tenere, babu itace babu tsuntsu, mota ta kafe mu sauka mu tura, ni kaɗai ke dariya cikin fasinja. Muka huta a Dirku, muka ƙarasa Segedin. Na ga dabino, na ga ramukan gishiri, na ga tsohuwar ganuwa da ta rushe. Mutanen garin suka karɓe ni hannu biyu, suka ba ni ɗaki, suka haɗa mini yaransu masu jin Barbarci da Tubanci, babu mai jin Faransanci, Hausa ma sai ɗaiɗaiku. Sati biyu ina zagaye ina kallo. A sati na uku na gama ganin duk abin da ke akwai, na tsinci kaina a gaban baƙin allo irin wanda na baro, ina koyar da biyu sau biyu. Kuma da yamma, in an tashi, sai ga ni a bakin hanya ina kallon arewa, ina tambayar masu wucewa kwana nawa ne zuwa Libiya. Aikawar da na yi wa Inna alkawari ban yi ba. Albashi ba ya isowa can a kan lokaci, wannan gaskiya ne, amma ko takardar gaisuwa ban rubuta ba, kuma wannan ba laifin albashi ba ne.

Na kusa wata huɗu a can sai wani mai kamiyo da na sani tun zaman tasha, Bubakar, ya tsaya shan ruwa a kan hanyarsa ta komawa Agadas. Lokacin da yake tafiya arewa ya wuce ta wajenmu ina aji, bai tsaya ba, sai a dawowa ya nemo ni. Ya zaro wani ƙunshi daga ƙarƙashin kujera.

"Wata tsohuwa ta tare ni a tasha ta ce in ba ka wanga. Ta ce in ce maka Neyan na gaishe ka."

"Wa?"

"Neyan. Na ce mata wane irin suna ne wanga, ta ce kai ka san shi."

Na kwance ƙunshin. Alaben nan ne da kuka sani. Fata ce mai kyau, irin wadda take ɓoyewa tun kafin fari, ta rina ta ja, ta yi mata ɗinkin da ba ta yi wa na sayarwa. A jikin murfin ta zana haruffan nan da basilla, ta cika su da kuloko, ta kwaikwaye su daidai yadda injin Mushe Garba ya buga su, har da ɗan karkacewar harafin ƙarshe. Wannan aikin kwanaki ne, kuma ta yi shi ne tana ganin sunanta take sa wa. A ciki ga takardar, a naɗe, gefenta ya yi laushi don yawan taɓawa. Ni dai ban taɓa furta kalmar nan a gabanta ba. In har ta san ana ce mata neyan, to wani ya karanta mata. Na zauna a kan tayar motar, kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga ido in dubi Bubakar, wanda bai san komai ba.

Barin wurin aiki ba izini a zamanin soja ba wasa ba ne, na sani sarai. Neman izinin kuma sai an aika wa kumandan mai mulkin yankin, a jira wata ɗaya ko biyu. Na shiga ɗaki na tattara kayana na hau motar Bubakar a ranar. Yaran suna zaune a aji da allunansu, na ce musu an ba da hutu. Mai garin ya zo bakin motar, ya yi magana da Barbarci aka fassara mini, wai ni ne malami na biyu da ya tafi bai cika musu shekara ba. Bai ɗaga murya ba. Wannan ma wata kunyar ce da na ɗauko, ban kuwa taɓa komawa na sauke ta ba.

Mun shigo Agadas da hantsi. Na tsaya a ƙofar gidanmu na yi sallama, shiru. Na sake. A ta uku na ji muryarta daga ciki, ta yi ƙasa fiye da yadda na san ta.

"Wa ke nan?"

"Ni ne, Inna."

"Wa kake nema?"

"Ke nake nema."

"Gidan ga babu kowa. Takarda ta hwaɗa."

Na tsaya a zaure kamar baƙo, da jaka a hannu. Can sai ta ce in shigo rana na dukana. Ta kawo mini ruwa a ƙwarya, ta tambaye ni hanya, ta tambaye ni mutanen Kawar, duk yadda ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya, babu abin da ta rage. Amma zanenta ya zagaye ta ya yi saura, wuyan hannunta ya koma kamar na yarinya. A gindin rumfa, inda kaskon rini ke zama, wata tukunya ce cike da anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Abin da take ci ke nan.

Hadiza ce ta ba ni sauran labarin ta kan katanga, kuma ba ta sassauta mini ba. Bayan geron ya ƙare, an yi shela cewa iyalan ma'aikatan da aka tura nesa suna da layinsu dabam a wurin rabon hatsi, mutum ya zo da takardar da ke nuna shi na gidan ne. Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na salla, ta rataya alaben a wuya, ta ce Hadiza ta raka ta. A layi tana nuna wa mata murfin tana cewa ga sunanta da boko, ɗanta Mushe ne ya sa a takardar gwamnati. Da aka zo kanta ta miƙa wa magatakardan, wani saurayi da ke zaune kusa da soja, ta ɗora yatsa a wurin tun kafin ya tambaya. Ya duba, ya ce a hankali, "Neyan." Ta ce a'a, Azara. Ya sake dubawa, ya sunkuyo ya yi mata bayani ƙasa ƙasa, don yaron kirki ne, ba ya son a ji. To amma kunnenta ya fara nauyi, ta ce ya ɗaga murya. Dole ya ɗaga.

"Iya, nan ba suna ba ne. Cewa aka yi mai takardar ba shi da kowa."

"Shi da kanshi ya nuna mini."

"Shi da kanshi ya sa hannu, Iya. Ga shi nan."

Hadiza ta ce wasu sun yi dariya a baya, sannan dariyar ta mutu. Magatakardan ya ce ta koma babban layi na kowa da kowa za a ba ta, sojan ma ya ce a ba ta hanya ta shiga gaba. Ta ce ta gode. Ta tambayi yaron ya sake faɗa mata kalmar, ta maimaita sau biyu don ta riƙe, ta naɗe takardar ta mayar, ta juya gida. Daga ranar ba ta ƙara taka wurin rabon ba, babban layi ko ƙarami. Hadiza ce ke miƙo mata ɗan abin da ta samu, wani lokaci ta karɓa wani lokaci ta ce ta ƙoshi.

"Yunwa ba ta karya ta ba," in ji Hadiza. "Kai ka karya ta, kuma a gaban mutane."

Da yamma na durƙusa gaban Inna don in ba ta haƙuri. Da na tsaya a nan da ya fi. Amma bakin malami ba ya iya yin shiru, sai na kama bayani, na ce sharaɗi ne aka sa, na ce ban san za a yi rabo da takardar ba, har na ce gidan da ake rubutun a ciki ɗan ƙarami ne, ba ya ɗaukar suna. Ta saurare ni har na gama, ta ce Allah ya kyauta, ta tashi ta zubar da ruwan anza ta sake wani.

Hukuncin bai daɗe ba. Aka dakatar da ni shekara guda, aka rubuta a takarduna cewa na gudu daga wurin aiki, kuma wannan rubutun ne ya bi ni har na tsufa, shi ya hana ni zama dirakta. Abin da ya fi ciwo shi ne, da na je wurin Mushe Garba in ce a gyara ɗan gidan nan a sa sunanta, sai ya ce mini ai yanzu ni ba ma'aikaci ba ne, babu takardar da za a gyara. Saboda haka babban layin nan da ta ƙi, ni na shige shi a madadinmu mu biyu. Kullum ranar rabo ina tsaye da buhu a hannu tsakanin iyayen ɗalibaina na da, ana auna mini jar dawar agaji, yara na wucewa suna cewa ina kwana Mushe. Ban taɓa jin na cancanci wani wuri kamar yadda na cancanci layin nan ba. Taswira kuwa, da aka mayar da ni aiki, na sa an cire ta daga ajina, sai ranar darasinta ake ɗauko ta. Ƙaiƙayin bai daina ba, kada ku ɗauka na warke. Har yau in na ji kamiyo na tashi sai in leƙa waje. Zama kawai na koya.

Na roƙe ta ta bar ni in kankare haruffan daga jikin alaben, ko in sa a rufe su da wata fata. Ta ƙi. Ta ce aikinta ne, kuma ba ta taɓa yin zane mai kyansa ba. Ta ce in rataye shi inda zan riƙa ganinsa, shi ya sa yake inda yake. In na mutu kada wanda ya kankare shi.

Bayan ruwa ya dawo, kori ya kawo, fata mai kyau ta fara shigowa kasuwa, Inna ta koma rumfarta. Ta ci gaba da ce mini Mushe, tana tsokanata kamar da, har na fara tsammanin maganar ta wuce. Wata safiya ina gyara allunan yara a tsakar gida sai ta ce:

"Mushe, rubuta mini sunana. Na gaskiya."

Na ɗauki alli na rubuta AZARA da manyan haruffa, na kai mata. Ta ce in ɗauko alaben. Ta ajiye su gefe da gefe a kan cinyarta, ta daɗe tana duban wannan tana duban wancan. Sannan ta ɗauki basilla ta bi haruffan alaben da tsininta tana ƙirgawa a fili, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ta koma kan allon, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ta auna tsawonsu da yatsa, kamar yadda take auna fata kafin ta yanka.

"Ka ce mini wurin ne ya yi kaɗan."

Ta sake ɗora yatsa a kan allon.

"Ashe da ya shiga," in ji ta.

Ta miƙo mini allon, ta jawo fatarta ta ci gaba da ɗinki, ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta bar duniya. Na yi shekaru ina koya wa ƴaƴan mutane ƙirga, amma biyar ɗin nan da ta ƙirga mini har yau ban sami amsarta ba. Azara, kin tambaye ni wa ya rubuta babu a jikin jaka. Kakarki ce ta zana, ni na nuna mata, kuma sunan da kike amsawa ne ya kamata a gani a wurin.